Kaset ɗin Baba da Karnukan Ƙanƙara

Ni ɗan mafarauci ne, kuma na daɗe ina ɓoye wannan magana. Shekara uku na yi a Doha ina tuƙa mota, ko abokin ɗakina bai san sana'ar ubana ba. In an tambaye ni sai in ce manomi ne. Ba ƙarya na yi ba, da damina yana noma. Amma da zarar an kai amfanin gona gida, mutumin nan na daji ne, shi da gorarsa da karnukansa bakwai.

Abin da ya raba mu kuwa maganar aure ce. Na nemi wata yarinya 'yar gidan malamai a garinmu, magana ta yi nisa har an kai gaisuwa, sai kawunta ya ce ba za su kai 'yarsu gidan da ake alwala kare na lasar buta ba. Kafin magariba zancen ya zaga gari. Ni kuwa lokacin jini na tafasa, ga ɗan karatun da na yi ya hau mini kai. Maimakon in ji haushin wanda ya faɗi maganar, sai na juyo kan Baba. A tsakar gida, a gaban ƙanwata, na ce masa ba zan sake taka gidan nan ba sai ranar da babu kare ko ɗaya a cikinsa. Yana zaune yana naɗa wa gorarsa sabuwar fata, ko kai bai ɗaga ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya kiyaye hanya." Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, babu wanda zai shiga tsakani, bayan wata biyu na samu aikin Qatar na tafi.

Doha ta wancan lokacin, tsakiyar shekarun dubu biyu, ba ita ce ta yanzu da ake nunawa a waya ba. Ina kewarta, wallahi. A unguwar Bin Omran muke zaune, wani tsohon gida da aka yayyanka da falanki. Ni da wani mai gadi ɗan Zangon Kumasi muke ɗaki ɗaya, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ga tsokana kamar ya haɗiyi kakan wani. Da asuba nake fita zuwa Ain Khaled, gidan kafilina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, wani dattijo da kowa ke ce wa Hajji. Lokacin rabin unguwar fili ne da yashi, in ka wuce gidaje biyar sai ka ga kango. Gwiwoyin Hajji sun gaji, ga ciwon suga, saboda haka aikina bai tsaya a sitiyari ba: ni ne mai riƙe shi ya hau mota, ni ne mai ɗaukar masa kujerar salla. In mun fito asibiti sai ya ce in tsaya a gaban shagon shayi in danna hon, a kawo mana shayin karak kofi biyu, nasa babu sukari, yana sha yana zagin likita.

Ina da shekara ɗaya a can wani direba ɗan ƙaramar hukumarmu ya dawo daga hutu, ya miƙo mini kaset a naɗe cikin leda. Ya ce a kasuwa wani tsoho ya ba shi, ya ce a kai wa ɗansa na Gabas. Zamanin nan ƙauyenmu babu sabis, wanda bai iya rubutu ba kaset yake aikowa. Da dare na saka a rediyon ɗan Kumasi. Sai garaya ta tashi. Kai! Makaɗin maharban garinmu ne, wannan gurgun mai muryar da ke shiga ƙashi, yana kaɗa taken Baba, ana jin gora na bugun ƙasa, ana jin haushin karnuka daga nesa. Wajen minti ashirin ana kiɗa. Daga nan kiɗa ya tsaya, aka yi shiru, sai na ji gyaran muryar Baba. Kafin ya furta kalma na danna na kashe.

Haka na yi ta yi har shekara biyu. In kewar gida ta taso sai in saka kiɗan, in ji har ƙarshe, da Baba ya yi gyaran murya in kashe, in zura biro a idon kaset in mai da shi baya don kada batir ya ƙare. Na riga na yanke wa kaina abin da zai faɗa: faɗa ne, ko ya ce in zo in ba shi haƙuri. Ni kuma a ganina ni aka cuta. Ɗan Kumasi ya gaji da garaya da asuba, ya jefo mini wata 'yar rikodar aljihu da iyafis, ya ce, "Karɓi ka toshe kunnenka, ka bar bayin Allah su yi barci." Wata rana kuma ya ce, "Wai wane ne wannan bawan Allah da kullum yana buɗe baki kana rufe masa?" Na ce wani tsoho ne a garinmu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Taurin kai dai ba jarumta ba ce, ƙanina." Na ce ya ji da gadinsa.

A sanyin shekarata ta uku Hajji ya ga wani shiri a talabijin, karnuka na jan mutane a kan dusar ƙanƙara, ya kafe sai ya je ya gani da idonsa kafin gwiwa ta ƙarasa shi. Babban ɗansa ya shirya tafiya arewacin Finland, shi da matarsa da tsohon, aka sa sunana a matsayin mai kula da shi. Da na faɗa wa ɗan Kumasi sai da ya riƙe ciki don dariya. "Kai da kake rufa da bargo biyu a sanyin Doha? Gawarka za a dawo mana da ita a firji, ba sai an sayi ƙanƙara ba." Shi ya raka ni kasuwa muka sayi wata jibgegiyar rigar sanyi, ya sa na gwada a cikin shago, ya ce na yi kama da buhun gawayi. Dariyar da ban yi ba ita ce ta karnukan. Na gudo daga bakwai, ga shi za a ɗauke ni a jirgi a kai ni wurin sittin.

Ƙasar nan sai wanda ya gani. Rana ba ta fitowa, sai dai gari ya ɗan yi fari kamar bayan asuba, kafin ka gama mamaki duhu ya dawo. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna, alwala ɗaya ta ishe ka. Sanyi kuwa, in ka shaƙi iska sai ka ji gashin hancinka ya daskare. Ranar da za mu hau abin da karnukan ke ja, ƙarfe biyar na yamma aka kai mu gidan karnukan, amma dare ne sosai, taurari sun fito. Tun daga mota na ji haushinsu, gabana ya faɗi. Ba tsoro ba ne. Haushin karnukan da suka san za a fita daban yake da na gadi, kuma na san shi tun ina goye.

Jagorarmu wata gajeriyar mace ce mai jan kumatu. Ta nuna mana abin hawan, wani amalanke na katako marar taya, mutum ɗaya ya zauna a ciki, ɗaya ya tsaya a baya ya riƙe ƙarfe. Birkin wani ƙarfe ne mai haƙora da ake takawa ya kama ƙanƙara. Ta ce doka ɗaya ce, ta maimaita ta sau uku: kada wanda ke tsaye ya saki hannu, ko da ya faɗi, domin karnukan ba za su tsaya ba, za su tafi da wanda ke zaune. Ɗan Hajji ya ɗauki matarsa. Na ɗauka za a ba tsohon wani ma'aikaci, sai ya juyo ya ce mini, "Kai ne direbana ko ba kai ba? Yalla, mu je."

Kafin a sa mana kayansu na sanyi, na lallaɓa na zura 'yar rikodar a aljihun ciki, na sa iyafis, na danna. Niyyata in toshe kunnena daga haushin nan. Sai aka ɗora mini wata riga mai haɗe da wando a kan tawa, aka ja zif har wuya, aka sa mini hula mai igiya a haɓa, da safar hannu biyu, ta wajen ko yatsu babu. Fitila a goshi. Aka naɗe Hajji da fatu kamar jariri, sai idanu. Karnuka shida a gabanmu suna tsalle suna fizgar igiya. Jagora ta ɗaga hannu daga can gaba, na ɗauke ƙafa daga birki.

Da suka zabura, haushi ya ɗauke ɗif. Babu abin da ya rage sai sautin katako a kan ƙanƙara, da hucinsu yana tashi fari a hasken fitila, da garaya a kunnena. Bishiyoyi dogaye a dama da hagu, duk sun sunkuya da nauyin ƙanƙara. Zan faɗi gaskiya ko da za a yi mini dariya: ban taɓa jin daɗin kiɗa kamar na daren nan ba. Ƙafafun karnukan suna sauka daidai da bugun garaya, kamar gurgun yana ganinsu. Yana yi wa Baba kirari, na gaban karnuka, mai kwana inda dare ya same shi, ni kuma ina tsaye a ƙarshen duniya iska na yanka mini kumatu, sai ga ni ɗan shekara tara, muna fita farauta da sanyin asuba, gorar ruwa a kafaɗata, Baba a gaba yana tafiyar nan tasa ta wanda ba ya sauri kuma ba a cim masa. Na tuna yadda yake gasa mini hantar zomo a kan wuta tun kafin shi ya ci komai. Na tuna warin hayaƙi a rigarsa.

Abin mamaki, ashe duk abin nan yana jikina. Ban yi minti biyar ba na gane ta gaba a karnukan mace ce, ita ke da hankali, tana waiwayowa ta ga ko ina nan. Na gane na hagu a layin tsakiya malalaci ne, igiyarsa a sake take, gudu kawai yake yi ba ja ba. Ban san lokacin da na yi masa tsakin da Baba ke yi wa irinsa ba, sai ga igiya ta miƙe. Hajji yana ta kabbara a cikin fatunsa yana cewa in ƙara wuta.

Muna gangarowa daga wani tudu zuwa kan tafkin da ya daskare, kiɗa ya tsaya. Shiru. Sai gyaran murya.

Innalillahi. Hannuna ya ɗan motsa da kansa, amalanken ya karkata, na yi maza na damƙe ƙarfe. Rikoda na can ƙarƙashin riga uku, hannuna cikin safa marar yatsu, ga gangara, ga tsohon mutane a gabana. Na girgiza kai ko iyafis zai faɗo, ina! Hular ta danne shi. Shekara biyu ina rufe wa mutumin nan baki, yau an ɗaure mini hannu an ce in saurara.

Ya yi sallama. Bai kira sunana ba, ni ɗan fari ne, bai taɓa kira ba. Ya ce, "Kai mutumin Gabas, ina fata kana lafiya." Ya ce damina ta yi kyau, gero ya yi, wake ne tsutsa ta taɓa. Ya ce ƙanwata ta tare a gidan mijinta a wani gari, yanzu shi kaɗai ne a gida. Sannan ya ce:

"Maganar da ka yi, na juya ta na sake juyawa. Na rabu da su. Uku na ba abokin farautata, biyu wani Bafulatani ya karɓa, ɗaya dama tsufa ya kama shi ya mutu. Jar karyar nan da uwarta ta mutu ka shayar da ita nonon akuya, ita ce ta ƙarshe, na kai ta ƙauyen ƙetaren kogi. Na sa an kankare tsakar gida an zuba sabuwar ƙasa, butocin ma na sake. Kiɗan da ka ji a farko na sallama ne, ranar da na ajiye gora na sa aka yi, na ce a ɗauka maka tunda kana son garaya kana yaro. To, gida babu kare. In ka samu hutu ka zo."

Na ji zakara ya yi cara a bayansa. Na ji ya ce wa wani, "Ina ake kashe abin nan?" Sai ƙarar maɓalli.

Ashe kiɗan da na shekara biyu ina jin daɗinsa, ina kwanciya da shi a Bin Omran, na ranar da ubana ya bar abin da ya fi so a duniya ne, saboda ni. Kuma ya share gida ya zauna jira, damina biyu. Na yi kuka a tsaye, hawayen na daskarewa a gashin idona, ban isa in share ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ta fi wadda kawun yarinyar nan ya ba ni nesa ba kusa ba. Karnuka na ta gudu a kan tafki, sama a buɗe, Hajji na rera wata waƙarsu ta Larabawa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan.

Aka tsaya a wata bukka da aka hura wuta a ciki. Na taimaki Hajji ya zauna, aka miƙa masa abin sha mai zafi. Jagora ta ce wanda yake so ya je ya gode wa karnukansa. Na fita, na durƙusa a gaban karyar gaban nan, na cire safa da haƙori. Ta shinshina hannuna. Na ɗaga ƙafarta ta gaba na buɗe tsakanin yatsun, kamar yadda Baba ke yi in an dawo daga daji yana neman ƙaya, sai na samu ƙanƙara ta dunƙule a wurin, na ɓantare ta. Na bi su shida ɗaya bayan ɗaya, yatsuna har sun daina ji. Jagora tana tsaye a kaina, ta tambaye ni inda na koyi wannan. Na ce mata wurin babana, mafarauci ne, yana da karnuka. Ban taɓa faɗa wa kowa ba tun da na bar gida.

Ɗan Hajji ya ji, ya fassara wa tsohon. Hajji ya kira ni ciki, ya ce, "Ubanka mafarauci ne, shekara uku kana tuƙa ni ba ka faɗa ba? Ni da na yi ƙuruciyata a sahara da shaho da karnuka?" Na ba shi labarin a gajarce, da Larabcina na direbobi. Ya ce karen farauta ai abin da ya kamo ma halal ne, wane malami ne bai san wannan ba? Sannan ya nuna ni da kofinsa ya ce, "Kai jaki ne. Khalas, magana ta ƙare, muna komawa ka tafi hutu."

Mun sauka Doha ranar Laraba. Tun bara lambar wani mai shagon waya na kasuwar garinmu take cikin walat ɗina, sabis ya iso can, ban taɓa kira ba. Ranar Alhamis na sayi katin kira a shagon ƙasan gidanmu, na roƙi mai shagon wayar ya aika a ɗauko Baba a babur washegari bayan sallar Juma'a. Da lokaci ya yi, ɗan Kumasi ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce bari ya je ya sayo burodi, alhali ga burodi nan a kan firji.

Muryar Baba ta tsufa fiye da ta kaset. Muka gaisa, na ce na ji saƙonsa. Ya ce, "Sai yanzu?" Na ce, "Sai yanzu, Baba. Ka yafe mini." Ya ce babu komai, ya wuce. Don in samu abin faɗa sai na ba shi labarin ƙasar ƙanƙara da karnukan da ke jan mutane. Nan take murya ta canza. Su nawa ne? Me ake ba su? Wa ke gaba? Na ce mace ce. Ya yi dariya ya ce, "Dama haka ya kamata, namiji hayaniya ce da shi." Ya tambaya ko an duba musu ƙafa bayan gudun, na ce ni na duba da hannuna. Ya ce, "Madalla."

Sai na ce, "Baba, wata mai kamawa ina tafe. Don Allah a je a dawo da su."

Ina jin hayaniyar kasuwa da hon ɗin babura ta cikin wayar. Ya ce ba a yin kyauta a karɓe, kuma sun riga sun saba da fiton wani.

Na ce, "To ko jar karyar ce kaɗai. Zan je da kaina in roƙi mutumin."

Ya ce, "Ita ai ta dawo da kanta, sau uku, ta ƙetaro kogi. Na farko na mai da ita. Na biyu na mai da ita. Na uku na tashi da asuba na same ta kwance a ƙofar gida, na ce kada ka iso ka tarar da ita ka juya. Sai na ɗauki sanda. Ban taɓa dukan kare ba sai ranar. Ba ta sake zuwa ba."

Ya ce, "Kana ji na?" Na ce ina ji. Sai ya tambaye ni ranar da zan iso, don ya sa a share mini ɗaki.